Amsa ga Yayana: yadda labarin aji yake iso mana gida a Bronx

Assalamu alaikum Yaya. Ina fatan kana lafiya, da Anti da yara da sauran mutan gida. Ya fama da ɗalibai? Allah ya ƙara taimako.

Ka ce an ba ka labari wai a nan uwa tana zaune a ɗaki tana ganin makin ɗanta a waya, kana so ka ji ko gaskiya ne ko zuƙi ta malle ce irin ta waɗanda suka je waje suka dawo. Gaskiya ne. Sai dai wanda ya ba ka labarin ya faɗi daɗin ya bar wahalar, don haka bari in warware maka yadda abin yake a wajenmu, mu Hausawan da ke zaune a Bronx cikin birnin New York, na Najeriya da na Nijar da 'yan zangon Gana.

Makarantar da kake tambaya a kai ita ce ta tsakiya, aji 6 da 7 da 8, yara 'yan shekara 11 zuwa 14. Kusan ƙaramar sakandarenku ce, sai dai tana farawa shekara ɗaya kafin taku. A firamare malama ɗaya ce ke riƙe da aji, kana kai yaro da safe ku gaisa a bakin ƙofa, ta ce maka jiya ya yi kaza. Da ya shiga aji 6 sai wannan ta kau. Kowane darasi da malaminsa, an ba yaro katin shiga bas da jirgin ƙasa kyauta, shi ke kai kansa ya dawo da kansa. Ka tambaye shi ya makaranta, ya ce lafiya, ya shige ɗaki. A nan ne yawancinmu yaro yake fara ɓace mana alhali muna kwana gida ɗaya.

Makarantar ta san da haka, shi ya sa ba ta barin waya ta huta. Akwai shafin hukumar ilimi ta birni, NYC Schools Account, inda iyaye ke ganin sakamako da ranakun da yaro ya yi fashi ko latti. Yawancin makarantu suna da wata manhajar ta daban da malamai ke zuba makin jinga da na gwaji, ga kuma Google Classroom inda ake ɗora aikin gida da ranar da za a karɓa. Idan yaro bai shiga aji ba, a ranar za a kira ka da murya ta na'ura. Malamai da dama suna turo takarda a ƙarshen mako: wannan satin mun yi lissafin kaso cikin ɗari, mako mai zuwa akwai gwaji, ranar Alhamis za a kai su gidan namun dajin Bronx, a sa hannu a dawo da takardar izini. In ba ka sa hannu ba, yaro zai zauna a makaranta abokansa su tafi. A farkon shekara kuma akwai wani shuɗin kati da ake cikewa, lambobin waya da sunayen waɗanda aka yarda su ɗauki yaro. Wanda sunansa ba ya kan katin, ko kawun yaron ne uwa ɗaya uba ɗaya da mahaifinsa, ba za a ba shi ba.

To, ga inda gizo ke saƙar. Mu mun tashi a kan cewa idan ka kai yaro makaranta ka danƙa amana, sauran na malam ne. Ka tuna Baba bai taɓa taka makarantarmu ba sai ranar da aka kira shi, kuma kiran ba na alheri ba ne. A wajenmu yawan zuwa tambayar malami rashin kunya ne, kamar kana tuhumarsa. A nan shirun nan da muke yi don girmamawa, malama fassara shi take yi da cewa gidan babu mai kula. Ta turo saƙo sau biyu ba amsa, sai ta daina, ta mai da hankali kan 'ya'yan waɗanda ke amsawa. Ba mugunta ba ce, yara sama da ɗari ke bi ta hannunta a rana. Wannan shi ne babban abin da sai da muka koya wa juna, kuma har yau sabon zuwa yana shan wahalarsa.

Maki ma sai an yi wa mutum bayani. A gida yaro ya kawo 70 sai a yi guɗa, ya ci A. A nan 65 ita ce iyakar tsira, ƙasa da ita faɗuwa ce. Na ga uba yana nuna wa mutane katin ɗansa a masallaci da murna, 68, 70, 72, sai da wani ya ja shi gefe. Kuma ba a rubuta na ɗaya ko na goma a aji, don haka tambayar nan ta "na nawa ka zo?" ba ta da amsa. Abin da ya sa wannan ba wasa ba ne: a aji 8 yaro yake neman babbar sakandare, kuma makarantun da ke tace ɗalibai makin aji 7 suke dubawa. Wasu kuma, irin su Bronx Science da Stuyvesant, jarrabawa ce ta musamman ake zaunawa a farkon aji 8, SHSAT. Duk an rubuta wannan cikin saƙonnin da aka turo. Uwar da ba ta buɗe su ba sai ta ji labari bayan an rufe rajista.

Ganawa da malamai ana yin manyan biyu, Nuwamba da Maris, da rana da kuma yamma saboda masu aiki. Tun bayan korona yawanci ta bidiyo ko ta waya ake yi. Kowane malami 'yan mintuna ne, saboda haka doguwar gaisuwarmu ba ta da wuri. Kafin ka gama tambayar lafiyar iyalinta lokaci ya ƙare. Mukan gaya wa sababbi su shiga da tambaya a hannu: wane aiki ne bai kawo ba, karatunsa ya kai na ajinsa, da wa yake zama.

Maganar harshe ita ce mai nauyi. Takardun hukuma ana fassara su zuwa wasu manyan harsuna, ciki har da Faransanci da Larabci, Hausa ba ta ciki. 'Yan Nijar da suka yi boko suna morar Faransancin. Amma matan da ba su yi boko ba, kuma suna da yawa, sai su miƙa wa yaron takardar ya karanta musu. Ka ga an ba kura ajiyar nama ke nan. Malama ta rubuta bai kawo aikin gida ba sau biyar, shi kuma ya ce wai ana tuna mana ranar Litinin babu makaranta. Haƙƙin iyaye ne su nemi tafinta, ana haɗa su da shi ta waya kyauta, kuma kowace makaranta tana da ma'aikaci ɗaya wanda aikinsa ke nan, hulɗa da iyaye. An ƙirƙiro wannan kujera a 2003. Mutanenmu da yawa ba su san da shi ba sai an kama hannunsu an kai su ofishinsa.

Abin da muka yi wa kanmu ba wani abin a-zo-a-gani ba ne, amma yana aiki. Matan unguwa suna da zaure a WhatsApp. Duk wadda ta samu takarda ta ɗauki hotonta ta tura, wata 'yar jami'a cikin 'ya'yanmu ta karanta ta mayar da murya da Hausa. Mazan galibi tuƙin tasi suke yi da dare, da rana suna barci, matan kuma aikin kula da tsofaffi ko kitso, don haka saƙon murya ya fi komai isa gare su. Limamai ma sukan yi sanarwa bayan Juma'a idan lokacin ganawa ko rajistar sakandare ya zo. Malaman Islamiyya na Asabar da Lahadi, wasunsu sun fara cewa a zo musu da katin sakamako.

Akwai takardu biyu da nake roƙon kowa ya karanta da kansa ko ya sa a karanta masa. Ta farko ita ce ta darasin lafiya, wanda ya haɗa da maganar balaga da abin da ya biyo bayanta. Ana sanar da iyaye, kuma doka ta ba su dama su rubuta a cire ɗansu daga wani sashe nasa. Wanda bai karanta ba sai ya ji a bakin yaro, ya taho makaranta da faɗa bayan an gama. Ta biyu ta fashi ce. Shekarar karatu kwana 180 ce, yaron da ya rasa 18 an sa shi cikin masu yawan fashi. Mutanenmu suna son kwashe yara zuwa gida tun watan Mayu saboda tikiti ya fi araha, alhali sai ƙarshen Yuni ake hutu. Sallah kuwa ba matsala, tun 2015 magajin gari na lokacin, Bill de Blasio, ya sanya ƙarama da babba cikin ranakun hutun makarantun birni.

Nasan za ka tambayi bulala. Babu ita a makaranta, kuma malamin da ya ga shatar duka a jikin yaro dole ne ya kai rahoto ga hukumar kula da yara, in bai kai ba shi ma ya shiga uku. Malamai sun san wasu iyaye daga an kawo ƙara sai duka, shi ya sa wasunsu ke jin nauyin kira. Ni ina gaya wa malaman yarana tun watan Satumba su kira ni da ƙaramin abu, za mu zauna mu yi magana a gida.

A ganina abin ya yi yawa ta wani gefen. Akwai uwar da ke leƙa manhaja dare da rana, yaro bai shigo gida ba ta riga ta san ya ci 60 a gwajin safe, tana jiransa a ƙofa. Ɗan shekara 13 yana bukatar ya fara ɗaukar nauyin kansa. Mu a gidanmu daren Lahadi muke buɗewa tare, ɗana ne yake riƙe wayar yana yi mini bayani.

Game da makarantarka, ba na jin sai ka jira kwamfuta ko manhaja. Kowane malamin aji ya haɗa lambobin iyaye, ranar Alhamis ya tura murya ta minti biyu da Hausa: abin da aka koya, abin da za a yi mako mai zuwa, da abin da za a zo da shi. Wanda ba shi da babbar waya maƙwabci zai jiyar da shi. In za a kira uba, wani lokacin a kira shi don ɗansa ya yi abin kirki, kada kira ya zama na kuɗin PTA da na laifi kaɗai. Ka gwada da aji ɗaya tukuna ka ga yadda iyaye za su karɓa, sai ka ba ni labari.

A gaishe mini da Hajiya, a ce mata maganin ƙafar yana hanya.