Ranar haihuwarki, 3 ga Agusta

Jikata, saƙonki ya iso. Kin ce kin ga jerin abubuwan da suka faru a ranar haihuwarki, 3 ga Agusta, kina tambaya ko mu mutanen da muna riƙe ranar haihuwa, muna yi mata biki.

Ranar taki babba ce. A cikinta Nijar ta karɓi 'yancin kai daga Faransa a 1960, ƙarƙashin Diori Hamani. Tun 1975, zamanin Seyni Kountché, aka haɗa bikin da dashen itatuwa, don farin da aka yi a waɗancan shekarun ya nuna wa kowa hamada na matsowa. A ranar aka haifi Habib Bourguiba, shugaban Tunisiya na farko, a 1903, a ranar kuma Jesse Owens, baƙar fatar Amurka, ya cinye tseren mita 100 a Berlin a 1936, Hitler na kan mulki. Columbus ma ranar ya bar Sifen da jiragen ruwa uku a 1492, tafiyar da ta kai Turawa nahiyar Amurka, amma wannan ba na sa shi cikin abin murna, ganin abin da ya biyo baya na kwasar bayi.

Mu dai ba da lamba muke riƙewa ba. A jikin suna ake ajiye ranar. Kika ji Ladi ko Ɗanladi, Talatu, Balarabe, Lami, Jummai, Asabe, an gaya miki ranar da aka haife su. Lokacin ma haka: Azumi, Sallau, Nomau, Anaruwa. Ke da kika zo tsakiyar damina, da Marka za a kira ki. Shekara kuwa da abin da ya faru ake gane ta, a ce shekarar fara, ko shekarar zuwan Sarauniyar Ingila, 1956.

Bikin sau ɗaya ne, ranar bakwai. Da sassafe maza su taru a ƙofar gida, a raba goro, liman ya raɗa suna, a yanka rago. Wanzami ya yi aski, mai jego na ɗaki da kunun kanwa, mata su cika gida da yamma.

Kek da kyandir baƙi ne a wurinmu, malamai ma sun saɓa a kansu. Ni abin da nake so ki yi: ki ba da sadaka, ki kira mahaifiyarki ki gode mata, ita ta sha wahalar ranar. Sannan ki dasa darbejiya ko mangwaro tun ƙasa na da laima, ki kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Ki gaida min mutanen gidan.