Kafin ka ci bashin miliyan huɗu, ka kwance murfin kwamfutar ka leƙa

Wani ɗan'uwa ne ya rubuto daga Jos. Yana da shagon wasan gem a Angwan Rogo, kwamfuta 8, shekara biyu da buɗewa. Shi yana can Terminus a shagonsa na kayan masarufi, ɗan yayarsa ne ke zama a wajen gem ɗin. Yanzu yara sun fara ƙorafi wai wasa na tsaitsayawa, biyu daga cikin injinan ma sai su mutu da kansu ana tsakiyar wasa, kwastomomi sun fara zamewa zuwa wani shago. Yaron ya ce masa injinan sun tsufa, sai an sayi sabbin katin hoto, wato ɓangaren kwamfuta da ke sarrafa hoton wasa. An yi masa tayin bashin naira miliyan 4 ya biya cikin wata 12, yana tambaya ko ya karɓa, har ya ƙara inji biyu ya riƙa shirya gasa irin wadda yake gani a TikTok.

Toh ƙanena, na karanta saƙonka sau biyu ina neman abu guda ban gani ba. Ka faɗa min kuɗin bashi, ka faɗa min wata nawa, har sunan gasar da za ka sa ka riga ka zaɓa, amma ko sau ɗaya ba ka ce min zafin injinan nan ya kai digiri kaza ba. Ba ka sani ba, shi ya sa. Kuma ina da tabbacin shi ma yaron bai sani ba. Kai ka ji daga bakinsa, shi kuma ya ji daga bakin yaran da ke zuwa buga ƙwallo, su kuma duk abin da ya yi sulo a wajensu tsufa ne. A kan wannan za ka sa hannu a takardar miliyan 4? Haba.

Ni ban ce yaron nan ɓarawo ba ne, kar ka je ka tayar da rigima a gidan yayarka ka ce ni na sa ka. Matsalarka ita ce ka damƙa masa dukiya ka tafi, ba littafi, ba ranar shara, ba wanda ya rubuta inji na nawa ne ya mutu, ƙarfe nawa, wane wasa ake yi, da wutar kamfanin lantarki na JED ake ko da janareta. Da baƙo ka ɗauka aiki da ka tsare shi da tambaya kullum, amma da yake ɗan gida ne sai kunya ta hana ka, shi kuma ya san ba za a tambaye shi ba. Shekara biyu kenan, wato hunturu biyu. Mutanen Jos kuna yaudarar kanku da sanyin gari, wai ai mu nan kwamfuta ba ta zafi. Sanyin yana waje malam. Ƙurar da ke tasowa daga Nuwamba har Fabrairu fankokin nan zuƙe ta suke yi, ta je ta toshe haƙoran ƙarfen da ke sanyaya furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta yi kauri kamar bargo. In ka kwance murfin ɗaya yau za ka ciro ta da yatsa curi-curi, na rantse maka.

Ga yadda abin yake. Furosesa in ta kai wajen digiri 95 zuwa 100 sai ta rage gudunta da kanta don kar ta ƙone, katin hoto na Nvidia kuma yawanci yana fara ja da baya tun daga wajen digiri 83. In zafin ya ci gaba sai injin ya kashe kansa. Alamarsa ba ta ɓuya: da safe wasa ya tashi sumul, bayan minti ashirin ko talatin ya fara tsaitsayawa, fanka na kuka kamar injin markaɗe. Injin da ya tsufa da gaske kuwa, wanda wasan ya fi ƙarfinsa, tun daga minti na farko zai nuna maka ba zai iya ba. Ka ga bambancin? Kuma wannan bambancin littafi ne kawai zai nuna maka shi, wanda ba ka da shi.

Saboda haka ranar Lahadin nan ka rufe shagon Terminus ka je da kanka. Ka sa HWMonitor ko MSI Afterburner, manhajoji ne masu nuna zafin inji, kyauta ne dukansu, ka kunna wasan da aka fi ƙorafi a kansa a kowane inji na rabin awa, ka rubuta lambar zafi da biro. Ka buɗe Task Manager, wurin da ke nuna abin da inji ke gudanarwa, ka ga me ke cin ram, wato ma'ajiyar wucin gadi da inji ke aiki da ita, don ba abin mamaki ba ne ka tarar yaron yana sauke finafinai a bayan fage ana tsakiyar wasa. Sannan ka tambayi masu ƙorafin, wane wasa ne? In EA Sports FC ne mutum biyu na bugawa a inji ɗaya yana ƙamewa, wannan laifin inji ne. In kuwa Warzone ne ko Fortnite, hoto na tafiya lafiya amma mutum ya yi harbi sai daga baya a ga ya mutu, wannan intanet ne, sabar wasan na can nesa, ga mutum takwas a kan ƙaramar rauta ɗaya ta wayifai, wato na'urar da ke raba intanet, ga wayoyin abokan yaron duk sun hau. Ko katin hoto na miliyan goma ka sa ba zai gyara wannan ba. Wayar kebul za ka ja daga rauta zuwa kowane inji, ka canza lambar sirrin wayifai.

Bari in ba ka labari. Akwai wani da na sani a Abuja, shi ma irin harkarka, ƙanen matarsa ke riƙe masa. Da injina suka fara wannan hali sai ya tattara su ya sayar a arha, ya je Banex, kasuwar kayan kwamfuta, ya kwaso sabbi. Wanda ya sayi tsofaffin wani mai gyara ne, ya kai su shago ya hure ƙurar da abin hura iska, ya goge busasshen man da ke kan furosesa ya shafa sabo, ya canza fanka biyu da suka daina juyi, ya sayar da su da riba mai kyau. Shi kuwa mutumina ya jera sabbin a wuri guda, a ƙasa kan kafet, bayansu manne da bango, ɗaki ba taga, ƙanen matar na nan yadda yake. Kafin ya gama biyan bashi sabbin sun fara irin kukan tsofaffin. Ya zo yana ce min wai hannu aka sa masa. Na ce eh, hannu ne, hannun da bai taɓa ɗaukar tsumma ba.

Yanzu mu yi lissafin bashin, tunda shi ke ranka. Miliyan 4 cikin wata 12, kowane wata sama da dubu 330 kenan, ba a ma sa kuɗin ruwa ba. In awa ɗaya naira 500 kake karɓa, kana buƙatar wajen awa 670 a wata don uwar kuɗin kawai, wato kowane inji cikin takwas ɗin nan ya yi kusan awa 3 kullum yana yi wa mai bashi aiki kafin ka ga sisi. Ba mai, ba haya, ba data, ba albashin yaro. Ga kwastomominka ɗalibai ne, ranar da jami'a ta tafi hutu ko aka shiga yajin aiki Angwan Rogo sai ta yi tsit, shi kuwa mai bashi ba ya hutu. Kuma ka gaya min, awa nawa injinanka ke yi a rana yanzu? Ba ka sani ba. Abin da yaron ya miƙo maka da daddare shi ne cinikin.

Maganar gasa kuwa ka ajiye ta. Waɗanda kake gani a TikTok ba sa nuna maka rasit ɗin dizal. Mutumin da injinsa ke mutuwa ana tsakiyar wasan naira 500, shi zai tara samari hamsin da kuɗin shiga a hannunsa, inji ya mutu a wasan ƙarshe? Ranar sai ka nemi ƙofar baya.

Abin da zan yarda ka kashe kuɗi a kai kaɗan ne. Mai gyara na kirki ya zo, kana tsaye a kansa, ya share duka takwas ɗin, ya riƙe fanka da yatsa lokacin hurawa kar ta yi ta juyi ta lalace, ya sa sabon man furosesa. Tebur ko benci a ɗaga injinan daga ƙasa, a bar musu kamar taƙi ɗaya tsakaninsu da bango, a sa fankar bango mai fitar da iska. Biyun nan masu mutuwa a duba akwatin wutarsu da sitabilaiza, don wuta mara ƙarfi ma tana kashe inji ko da ba zafi. Wanda ke da ram GB 8 a kai shi 16, wanda ke kan tsohon had dis mai juyi, wato faifan ajiyar bayanai, a sa masa SSD, ma'ajiya ce da ta fi shi sauri. Duk wannan in an haɗa ba na jin zai kai kashi ɗaya cikin goma na bashin da kake shirin ci.

Sai littafi mai kauri guda ɗaya, kowane inji da shafinsa da lamba a jikinsa. Awa nawa ya yi, nawa aka karɓa, yaushe aka share shi, yaushe ya mutu. Ka zaunar da yaron ka gaya masa a gaban mahaifiyarsa in ta kama, cewa daga yau haka za a yi, kuma duk Lahadi kai za ka zo ka duba. In ya ɓata rai ka ƙyale shi, zai huce. In ya ce shi ba zai iya rubutu ba, to ka san abin da ka sani.

Bayan wata ɗaya ka turo min hoton shafukan da lambobin zafin kafin shara da bayan shara. In akwai inji ɗaya ko biyu da har yanzu suke kasawa alhali zafinsu bai wuce 75 ba, sai mu yi maganar katin hoto na waɗannan kaɗai, daga cinikin shagon.