Kafin ki buga kalandar Yaya

Jikata, saƙonki ya iso. Wai ko ya dace ki buga kalanda da hoton Yaya, ki kama zauren taro ranar arba'in, tunda ta yi shekara 35 tana koyarwa. Na yi murmushi, amma raina bai kwanta ba. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta.

Kafin maganar hoto, an bincika bashinta? Iyayenmu kan ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Malaman makaranta ba sa rabuwa da adashe, kuma yakan bi su har bayan ritaya. A nemi uwar adashen a ji ko Yaya ta kwasa ba ta gama zubi ba. A biya bashi, a cika wasiyya in ba ta wuce sulusin dukiya ba, sannan a raba gado. In aka fara da rabo, kowa ya riƙe nasa, mai bin bashi sai dai ya yi ta sintiri.

Da mahaifiyarmu ta rasu, tun jajibirin arba'in mata suka surfa gero mudu goma, suka wanke, suka baza a tabarma ya tsane. Wannan tsanewar ce asirin gumba. Gero mai ruwa in ya shiga turmi caɓewa yake, kafin azahar ya yi tsami. Da asuba aka daka da citta da kanumfari da ɗan barkono, aka sa zuma, aka dunƙula. A zaure malamai talatin suka raba izu sittin, kowa biyu, kafin hantsi an sauke. Yara suka bi gidaje da ƙore, aka fara da gidan marayu da na tsofaffin da ba su da mai yi musu. Ba wanda ya ɗinka sabon kaya. Yanzu kuwa har anko ake fitarwa, abinci ya ƙare a kan masu ƙoshi, almajiri na bakin ƙofa. Wannan na ci mini rai.

Ki sani kuma akwai malaman da ke cewa zaman makoki kwana uku ne, arba'in ba ta da tushe a addini. Ki ji ta bakin kawunnanki tukun, kada a yi saɓani a kan mamaciya.

Yaya ta fara koyarwa lokacin UPE, wato shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, a 1976, sa'ad da ake roƙon iyaye su saki 'ya'ya mata. Hadisi ya ce ilimi mai amfani na cikin abu uku da ladansu ba ya yankewa. Ki duba akwatinta na ƙarfe, takardunta na Gired Tu, wato shaidar malanta, da tsofaffin rajistoci na ciki. Ki nemo ɗalibanta da ke raye ki sanar da su, da yawansu ba su ji rasuwar ba. Maganar kalanda kuwa, bari sai kin zo.