Bindigar gado ta tashi a hannun yaro, maigida yana hannun 'yan sanda: ina mafita?

Wata baiwar Allah ce daga Daura ta turo mani wannan saƙon cikin dare, na cire unguwa da duk abin da zai sa a gane ta.

"Assalamu alaikum Barista, dan Allah a sakaya sunana. Maigidana yana da bindiga mai baki biyu, ta gado ce, ta mahaifinsu ce da yake maharbi ne Allah ya ji ƙanshi, tunda aka shiga wannan halin na rashin tsaro ya fiddo ta daga akwati ya ce gara ta zauna kusa. Ranar Juma'a yana tsakar gida yana goge ta da man keken ɗinki sai aka kira sallah, ya jingine ta bayan ƙyaure da harsashi a ciki ya fice masallaci. Ɗanmu mai shekara 11 ya ɗauka suna wasan ɗan sanda da ɓarawo da yaron maƙwabta ɗan shekara 9, ni ina kicin ƙara kawai na ji. Ta sami yaron maƙwabtan a cinya, an yi mashi aiki, likita ya ce ƙafar zata tashi amma ƙila ya riƙa ɗingishi. Yau kwanan maigidan uku a wajen 'yan sanda. Bindigar kuma yayanshi ya ɗauke tun ranar, ya ce a ce ba a san inda take ba ko a jefa ta rijiya. Baban yaron ya ce shi ya yafe ƙaddara ce, amma muna zargin dangin matarshi ne suka kai ƙara. Barista za a ɗaure ɗana? Kuma tunda an yafe ba shikenan ba?"

Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba yaron lafiya ya kuma kiyaye gaba. Bari in fara cire maki zargin nan daga rai tun bai ɓata maku zumunci ba. Akwai dokar tarayya ta 2017 kan kula da wanda aka harba, ita ta wajabta ma asibiti su karɓi mai raunin bindiga ba tare da jiran takardar ɗan sanda ba, kuma ita dai ta ce su sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa cikin awa biyu da fara mashi magani. Kenan ko babu wanda ya buɗe baki a unguwarku magana zata isa caji ofis, kada ki je ki yi ma dangin matar nan kallon banza a daidai lokacin da kuke neman alfarmarsu.

Abin da nake so ki riƙe shi ne, shari'a biyu ce a gabanku ba ɗaya ba. Akwai ta raunin yaro, akwai ta bindigar kanta. Maƙwabcinku yana da ta cewa a ta farko, ta biyun kuwa ko ya yafe sau ɗari ba tashi ba ce, tsakanin maigidanki ne da gwamnati.

Ta bindigar ita ce mai nauyi. Dokar makamai ta Najeriya, wadda take nan tun 1959, ta kasa bindigogi gida uku. Irin su AK da fistol da mashinga shugaban ƙasa kaɗai ke bada izininsu, wanda aka kama da su babu izini mafi ƙarancin abin da zai sha shekara 10. Bindigar farauta irin taku mai baki biyu lasisinta daga Sufeto Janar na 'yan sanda yake, riƙe ta babu lasisi ɗauri ne da zai iya kai shekara 5. Sai bindigar toka ta maharba da irin wadda 'yan bindigar sarki ke harbawa a hawan sallah, wannan tana ƙarƙashin kwamishinan 'yan sanda na jiha kuma hukuncinta ya fi sauƙi. Matsalar kuma akwai wata dokar ta 1984 ta fashi da makami da mallakar bindiga, ita bata tsaya rarrabewa ba, duk wanda ya riƙe bindiga saɓanin dokar makamai tarar naira 20,000 ce ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ko a haɗa mashi duka biyun, kuma mai gabatar da ƙara shi ke zaɓar wadda zai caje shi da ita. Nan ne aikin lauya yake tun kafin a rubuta caji.

Na san abin da za a ce maki a gida, ai Baba yana da takarda. Ki duba takardar in tana nan, sunan wa ke jiki? Lasisin bindiga ba gona ba ne da ake gado, na mutum ɗaya ne da sunanshi kuma sabunta shi ake yi, in mai shi ya rasu doka kwana 14 kawai ta ɗaga ma magada ƙafa. Duk da haka a nemo ta a ba lauya, tana nuna asalin bindigar, cewa ba daga daji ta fito ba, kuma a Katsinar yau wannan ba ƙaramin abu ba ne domin tambayar farko da mai bincike zai yi ita ce daga ina ya samo ta kuma wa yake ba aro. Haka maganar da wasu ke yi wai ai gwamna ma ya ce kowa ya kare kanshi, eh an yi wannan maganar a 2021 lokacin Masari, amma jawabin gwamna ba lasisi ba ne, sha'anin makamai a kundin tsarin mulki na tarayya ne zalla, ban taɓa ganin alƙalin da ya sallami mutum don ya ce a rediyo ya ji ba.

Yanzu yayan maigidan. Wallahi shawararshi ita ce mafi muni a duk labarin nan. Yau da nake maki magana shi ne ke riƙe da bindiga babu lasisi, wato laifin da ake tuhumar ƙaninshi da shi ya ɗauko ya aza ma kanshi, sannan ya ƙara da ɓatar da shaida wanda shi ma laifi ne mai zaman kanshi. Kuma ƙaryar ina zata je? Likita ya ciro ƙwayoyin harsashi daga cinyar yaro, unguwa ta ji ƙara, yara biyu sun san abin da ya faru, ɗan shekara 9 ko alawa ba sai an ba shi ba zai faɗi komai. Bindigar da ta ɓace kuma sai ta sa a fara tunanin ko ba mai baki biyu ba ce, ko akwai wasu. Ke kanki doka ta hana a kama ki a madadin mijinki, amma in kika sa baki a ɓoyon nan kin ba su dalilin kama ki da naki laifin. Sai dai kada kuma wani ya naɗe ta a buhu ya hau mashin da ita zuwa caji ofis, a tare shi a shingen hanya ya rasa bakin bayani. Lauya ya sanar da DPO ko mai binciken inda take, su zo su ɗauka da kansu a rubuta a gaban shaidu.

Sai raunin. Mutanenmu da an ce kuskure sai su ɗauka magana ta mutu. A Penal Code, wato kundin dokar laifuka da Arewa ke aiki da shi tun 1960, wanda Katsina ta sabunta nata daga baya, hatsari yana wanke mutum ne in abin da yake yi halal ne a doka, ta hanyar da doka ta yarda, kuma ya yi taka-tsantsan yadda ya kamata. To bindiga babu lasisi, da harsashi a ciki, a bayan ƙyaure, a gidan da yara ke shiga da fita, wane taka-tsantsan za a nuna ma alƙali? Lauyanshi zai iya cewa ba shi ya ja kunamar ba, baya ma gidan, kuma hujja ce da ake saurare, amma sakacin da ya jawo raunin nashi ne. Ku gode ma Allah a cinya ta tsaya, da rai ya fita da maganar kisan kai ta hanyar ganganci ake yi, wanda hukuncinshi ke iya kaiwa ɗaurin rai da rai.

Ɗanki kuwa ki kwantar da hankalinki. A Penal Code ɗin yaron da bai kai shekara 7 ba babu laifi a kanshi sam, daga 7 zuwa ƙasa da 12 sai an nuna hankalinshi ya kai ya gane abin da aikinshi zai haifar, a fiƙihu ma aikin wanda bai balaga ba hukuncin kuskure ake ba shi. Da wuya ƙwarai a bi ta kanshi, an fi buƙatarshi a matsayin shaida. Kada dai ki bari a yi mashi tambayoyi shi kaɗai, ke ko wani babba ya zauna, kuma kada a koya mashi abin da zai faɗa.

Yafiyar maƙwabcinku tana da amfani sosai, amma ta baki ce kuma cikin zafin abu aka yi ta. Haƙƙin nan na yaron ne, in nan da wata shida ɗingishin ya tabbata kuɗin magani ya ci gidan, zuciya tana iya juyawa, suna da damar neman diyya a kotun shari'ar Musulunci ko su kai ƙarar sakaci babbar kotu. A mazhabar Malikiyya ba a ƙayyade diyyar rauni sai ya warke an ga abin da ya bari, ƙafa ɗaya in ta tafi gaba ɗaya rabin diyyar rai ce, diyyar rai kuma raƙuma 100 ce ko dinari 1,000 na zinari, nakasar da bata kai haka ba alƙali ke ƙiyastawa. Shawarata ku ɗauki nauyin asibiti tun yanzu ba sai an roƙa ba, ku aje kowane rasit har na allura da na mota, sannan a zauna gaban mai unguwa da liman da dattawan ɓangare biyu a rubuta sulhu, me aka biya, me za a ci gaba da biya, uban yaron ya sa hannu uwar ma a ji ta bakinta. Wannan takardar lauya zai ɗauka ya kai ma mai gabatar da ƙara da kotu, tana iya sauke cajin raunin da izinin alƙali, kuma a na bindigar tana taimakawa wajen roƙon sassauci tare da cewa laifinshi na farko ne kuma shi ya miƙa ta. Bindigar dai ku cire rai, gwamnati zata ƙwace ta.

Kwana ukun da ya yi a tsare ya wuce ƙa'ida in ba su samo umarnin kotu ba, sashe na 35 na tsarin mulki kwana ɗaya ya bada in akwai kotu cikin kilomita 40, in babu kwana biyu. Yana da 'yancin yin shiru har sai ya ga lauya, ki aika mashi kada ya sa hannu ko ya dangwala a takardar da ba a karanta mashi da Hausa ba. Harka ce ta bindiga don haka kada ki yi mamaki in DPO ya ƙi bada beli ya tura fayil hedikwata a Katsina, belin sai a nema a kotu, ki fara tunanin mutum biyu masu mutunci da adireshi tsayayye da za su tsaya mashi. Duk wanda ya zo maki da a kawo kaza a kashe magana, ki ce ya yi da lauyanku. In babu halin ɗaukar lauya ki je ofishin Legal Aid da ke Katsina, aikinsu kenan kuma kyauta ne.

Kafin ki kwanta yau ki duba saman wadrob da ƙarƙashin katifa da aljihun rigunanshi da cikin akwatin da bindigar ta fito, maharba basa aje harsashi waje ɗaya, kuma shi ma riƙe shi babu izini laifi ne. Abin da kika samu ki kulle inda yara basa kaiwa, ki faɗa ma lauya adadinshi a miƙa shi rana ɗaya da bindigar.