Fararen ƙuraje a kunnen tarwada: da gaske dangin jelifish ne?

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce likitan dabbobi ya duba fararen ƙurajen da ka gani a jan naman kunnen tarwadarka, ya ce Henneguya ce, wata ƙaramar halitta mai cin jikin kifi, kuma wai dangin jelifish ce, wannan halittar teku mai harbi. Kana tambaya ko da gaske ne. Gaskiya ya faɗa maka, kuma sanin wannan zumuncin zai raba ka da asarar kuɗi wajen sayen maganin da bai dace ba.

Na daɗe ina duba kifin masu kiwo a ɗakin gwaji. In ka fasa ƙurjin nan ka sa a ƙarƙashin madubin duba ƙananan halittu, ƙwayoyin iri ne birjik, kowace da 'yan jakunkuna biyu a goshi, a ciki akwai zare a naɗe. Shekara da shekaru masana suna lissafa su cikin halittu masu ƙwayar rai ɗaya. A 1938 wani masani mai suna Robert Weill ya ce jakunkunan nan sun yi kama da makamin harbin jelifish, amma ba a ɗauki maganarsa ba sai da binciken DNA ya zo a 1994 da 1995 ya nuna dabbobi ne sosai. Daga baya, a 2007, aka tabbatar daga gidan jelifish suka fito. Zaman cin jikin wasu ne ya sa suka zubar da kusan komai: ba baki, ba hanji. Zaren da kakanninsu ke harbin abinci da shi, su da shi suke maƙalewa a jikin mai masauki. Har akwai wata, Henneguya salminicola, ta kifin salmon, da aka gano a 2020 cewa ta rasa ma kayan gadon da sauran dabbobi ke amfani da iskar oksijin da su. Ikon Allah ke nan.

Abin da ya fi shafar ka shi ne wanda wasu masana biyu, Wolf da Markiw, suka gano a Amurka a 1984, a kan 'yar'uwarta Myxobolus cerebralis, mai sa 'ya'yan kifin turawut su riƙa juyi a ruwa. Ashe ba daga kifi zuwa kifi take wucewa ba. Irin da ya fita daga kifi sai ya shiga wata 'yar tsutsar laka dangin tana, ya sake kama gaba ɗaya, sannan ya fito ya kama wani kifin. Kafin nan, an ɗauka wanda ke cikin tsutsa wata halitta ce daban, har da sunanta. Manoman tarwadar jihar Misisipi ta Amurka ma ta wannan hanyar Henneguya ictaluri ke lalata musu kunnen kifi. Kai, yadda dangin suka rabu gida-gida ma ya fi bin irin tsutsar da suke shiga: masu shiga dangin tana reshe guda ne, galibi a ruwan daɗi, masu shiga tsutsotsin teku kuma reshensu daban.

Sunan kuwa kada ya ɗaure maka kai. Da, mai jela biyu ake kira Henneguya, marar jela Myxobolus. DNA ya nuna sun cakuɗe da juna, jelar ta fito a wurare daban-daban. Tamkar a ce duk masu hula iri ɗaya 'yan gida ɗaya ne.

Abin da ke damuna shi ne yadda nake ganin mutane na zuba gishiri da fomalin. Waɗannan suna aiki a kan Trichodina da cutar farin ɗigo, masu ƙwayar rai ɗaya da ke kan fata ko yawo a ruwa. Wannan kuwa tana lulluɓe cikin nama, irinta kuma da tauri, sai dai ka ƙara wahalar da kifin da dama numfashi ke yi masa wuya. A abin da na gani, ramin ƙasa mai tsohuwar laka da ruwan rafi ne ya fi maimaita matsalar, tankin siminti mai ruwan burtsatse ba kasafai ba.

Don haka ka rage cunkoso, ka yawaita canjin ruwa, ka kwashe matattu ka binne nesa, kada ka jefa su a magudana. Bayan ka kwashe kifin, ka tsiyaye ramin, ka yashe lakar, ka bar rana ta ƙone shi har ƙasa ta tsattsage, ka watsa laim kafin ka zuba sababbin 'ya'yan kifi. In da hali, turo mana hoton kunnen da bayanin inda kake jawo ruwa.