Amsa ga mai neman hanyar burji ta hawan keke a kudancin Kano

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tun daren jiya na ga tambayarka, na bari sai na samu zama don kada in ba ka amsar tsaye. Ka ce ka sayi keken nan mai lanƙwasasshen kai da taya mai ɗan kauri, wanda ake yi don hanyar burji, ka gaji da shaƙar hayaƙin adaidaita sahu a cikin gari, kana neman inda za ka yi yini ɗaya ko biyu ba kwalta, kuma da abin kallo. Na ga wasu sun ce ka ɗauki keken ka tafi Jos. Jos na da kyau, ba musu. Amma abin da kake nema yana nan kusa da gidanka. Ka bi ruwan Tiga kawai.

Ga abin da nake nufi. An gama dam ɗin Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka tare Kogin Kano, aka jawo ruwan ta babban kanal zuwa gonakin Kadawa, Garun Malam, Kura da Bunkure. Duk inda aka haƙa kanal, an bar hanya a gefensa don motocin masu kula da ruwa da na manoma. Waɗannan hanyoyin su ne burjin da kake nema. Jar ƙasa ce da tsakuwa, a miƙe, ba hawa mai wahala, ba tirela mai hura maka ƙaho a ƙeya. Kuma ɓata yana da wuya, domin ruwan da ke gefenka shi ne ɗan jagora. In kana tafiya tare da shi, Kura ka dosa. In kana fuskantarsa, Tiga za ka.

Kuskuren da na yi karon farko shi ne na taso daga Kano a kan keken. Daga gari zuwa Kura kimanin kilomita 30 ne, duk a kan titin Zariya, kana raɓe a gefe kamar mara gaskiya, manyan motoci na wuce ka. Kafin in ga burji na riga na ƙona rabin ƙarfina da duk haƙurina. Yanzu cire tayar gaba nake yi, in sa keken a bayan mota, a sauke ni inda nake so. Ko motar haya ce, in ka yi magana da direba ka biya kuɗin kujera ɗaya ƙari, zai ɗauka.

To a ina za a sauke ka? Nan ne lissafin yake. Ruwa daga Tiga yake gangarowa, don haka wanda ya fara daga can ƙasa na taimakonsa, ko da ido ba ya gani. Amma a hunturu iska daga arewa maso gabas take busowa, wato daga ɓangaren Kano, kenan mai gangarowa da ita zai yi ta kokawa. Na gwada duka biyun. Abin da ya fi mini shi ne in kwana kusa ko in yi sammako, in kasance a Tiga da fitowar rana, in gangaro kafin iskar ta farka. Da sassafe takan yi lamo. Wajen ƙarfe goma zuwa sha ɗaya sai ta tashi da ƙurarta, ka ji kamar wani ya riƙe maka sirdi ta baya. Wata rana a watan Janairu na makara, tafiyar da na saba yi cikin awa uku sai da ta ci mini biyar, leɓena duk ya tsage.

Tiga ɗin kanta ka ba ta lokaci. Bangon dam ɗin ya kai wajen kilomita 6, in ka tsaya a kai da safe hazo ya rufe wancan ɓangaren, sai ka rantse bakin teku kake. Akwai masu gadi, ka yi musu sallama ka faɗi abin da ya kawo ka kafin ka hau ko ka fito da waya. Ni ban taɓa samun matsala ba in na tambaya. Masunta na dawowa da kwale-kwale da hantsi, karfasa da tarwaɗa, ana soyawa nan bakin ruwa. Ka ci, amma kada ka cika ciki, akwai aiki a gabanka.

Daga nan hanya biyu ce. Ta farko, wadda na fi so, ita ce ka bi babban kanal ta Ruwan Kanya, wani ƙaramin dam a ƙasar Rano da ruwan Tiga ke zubawa a ciki kafin ya ci gaba. Wurin shiru ne, ga tsuntsaye, balbela da shamuwa in lokacinta ne, ga yara masu kamun kifi da ƙugiya. Daga nan sai ƙasa ta buɗe, ka shiga gonakin. In ka zo a Janairu ko Fabrairu, alkama ce kore shar iya ganinka, ga tumatir, ga albasa, ga masara, alhali bayan kanal ɗin da taku kaɗan ƙasa ta bushe ƙurmus, sai karan dawa da awaki. Wannan iyakar tsakanin kore da fari ita ce abin da ban gaji da kallo ba. Mutum ɗaya, gona biyu, ɗaya ruwa ya kai ta ɗaya bai kai ba, tsakaninsu bai fi jifa ba.

Ta biyu ita ce ka bi ta Rurum zuwa Rano. Wannan akwai kwalta a cikinta, amma duwatsun Rurum sun isa a je dominsu, manya-manyan curi a ɗore kan juna kamar wani ne ya jera su da hannu, ga hanyoyin ƙafa da burtali suna ratsa tsakaninsu. Nan ne kawai za ka yi amfani da ƙananan giyoyinka. Rano kuwa ka san tana cikin Hausa Bakwai, tsohon gari ne, ya cancanci ka sauka ka tura keken da ƙafa ka gaisa da mutane. Daga Rano titi ya bi ta Bunkure ya fito Karfi, a nan za ka tari motar Kano. In kwana biyu gare ka, ka yi kanal ranar farko, Rurum da Rano rana ta biyu.

Yanzu maganar da ta fi muhimmanci, wadda taswirar waya ba za ta gaya maka ba. Hanyar nan ba filin wasa ba ce, wurin neman abincin mutane ne, kuma yanayinta yana bin aikinsu. Ranar da aka saki ruwa, ko wani ya fasa gefen ƙaramin kanal ya juya wa gonarsa, sai ka tarar da wuri ya zama laka ko da rabon sama da ruwa wata uku. Lakar fadama kuwa ba irin taɓon cikin gari ba ce. Na taɓa raina wata, bai fi taku ashirin ba, na ce bari in taka da ƙarfi in wuce. Taku biyar tayar ta kumbura ta cika tsakanin ƙarfen, keken ya tsaya cak, ni kuma ban tsaya ba. Wani dattijo da ke ban ruwa ya ajiye fartanyarsa, bai yi dariya ba, ya ce, "Sannu Malam, ai ko jaki nan sauka ake yi a ja shi." Ya karyo kara ya ba ni, na fi rabin awa ina ƙwaƙule laka daga birki da sarƙa. Tun daga ranar, in na ga ƙasa ta yi baƙi tana sheƙi, sauka nake in saɓa keken a kafaɗa.

Haka in kaka ta yi, za ka ga an shanya shinkafa ko masara a kan tamfol a rabin hanya. Kada ka taka, ko da gefe ne. Za ka ga tiyon injin ban ruwa a gicciye, ka rage gudu ka ɗaga tayar gaba, ko ka sauka. Lokacin tumatir kuma, 'yan babur ɗauke da kwanduna huɗu ko biyar, ba sa iya kaucewa ko sun so, kai ne za ka ba su hanya. Amalanken shanu ma haka. Garken Fulani in ya tare burtali, ka tsaya ya wuce, kada ka kutsa. Karnukan ruga kuwa, gudu ne ke tunzura su. Ka sauka, ka sa keken tsakaninka da su, ka ɗaga murya ka yi sallama, mai su zai fito.

Sallamar nan kada ka raina ta. "Sannunku da aiki" ta buɗe mini ƙofofin da kuɗi ba zai buɗe ba. An ba ni tumatir har na rasa inda zan sa, an nuna mini 'yar gadar da zan tsallaka ba sai na zagaya ba. Kuma don Allah, matsattsen gajeren wandon nan na 'yan tsere, ka ɗora dogon wando mara nauyi a kansa. A ƙauye za ka tsaya salla, za ka wuce mata a bakin kanal suna wanki. Hoto ma haka, gona da ruwa ka ɗauka yadda ka ga dama, mutum kuwa sai ka tambaya, mata ka bar su kawai.

Sai ƙaya. Tsidau ita ce babbar abokiyar gabarka, tana kwance a gefen hanya da duk inda dabbobi ke bi. Rana ɗaya na yi faci huɗu. In tayarka irin marar tif ce mai ruwan liƙi a ciki, ka huta da kashi tara cikin goma na wannan wahalar, kuma ina ba ka shawarar ka koma kanta in ƙafar keken ta yarda. Faɗin taya kada ya gaza milimita 40, saboda akwai wuraren da yashi ya kwanta. Kada ka cika mata iska kamar ta kwalta, in ba haka ba hannunka zai mutu da girgiza kafin azahar. Masu faci suna kusan kowane gari, kuma sun iya aikinsu, sai dai abu biyu. Bakin tif ɗin irin kekenmu siriri ne, famfonsu ba ya kama shi, don haka ka riƙe naka famfon ko ɗan ƙarfen da ake ɗaurawa a bakin. Na biyu, girman tayarmu ba shi ne na kekunan ƙauye ba, ba za ka samu tif ɗinka a can ba. Ka tafi da biyu. Ka sa ɗan man sarƙa da tsumma a jaka, ƙurar hunturu na shanye mai cikin awa biyu, ka fara jin sarƙa na kuka.

Ruwan kanal, duk yadda zafi ya kai, duk yadda ka ga yara na tsalle a ciki, kada ka shiga kuma kada ka sha. Tsargiya ta yi yawa a yankunan ban ruwa, ƙwayar cutar na fitowa daga ƙananan dodon koɗi ta shiga ta fata, ba sai ka haɗiya ba. Babban kanal ɗin kuma ya fi yadda ake ganinsa ƙarfi, gefensa da santsi. Ni lita uku nake ɗauka, in ƙara da ruwan leda a garuruwa. Dabino da ƙuli-ƙuli a aljihu sun fi mini duk wani abin kanti.

Lokaci kuwa, daga ƙarshen Oktoba zuwa Fabrairu. Nuwamba ta fi daɗin taya, ƙasa ta bushe amma ba ta zama gari ba tukuna, ana girbin shinkafa. Janairu ta fi daɗin ido. Maris da Afrilu zafi zai iya kwantar da kai, in dole ne ka gama kafin sha ɗaya. Damina ka manta da gefen kanal gaba ɗaya.

Ka tambayi abin kallo. Ban da waɗanda na faɗa, akwai Bagauda a kusa da titin Zariya, mai sunan sarkin Kano na farko. Dam ɗinta ne ya ɓalle a 1988, kuma tsohon otal ɗin bakin tafkin shi ne yanzu makarantar horar da lauyoyi, don haka ba wurin da za ka shiga kai tsaye ba ne, daga waje za ka gani. Kwanar Gafan lokacin tumatir kallo ce da kanta, kwanduna jajur ana loda wa motocin kudu. A Kura kuma, ban da injinan casar shinkafa da ke ruri ko'ina, garin ya yi suna tun da can da rini da bugu, baƙin turkuɗin nan mai sheƙi da Buzaye ke naɗawa. Ka tambayi ina mabuga take, in ka yi sa'a ka tarar ana aiki, ƙarar bugun ma za ta kai ka.

Abu ɗaya da zan ja maka kunne a kai: kada daɗin hanya ya ja ka kudu da Tiga, wajen Tudun Wada da dajin Falgore, kai kaɗai a kan keke. Dajin ya daɗe da labarin 'yan fashi da ɓarayin shanu. Ko a inda na kwatanta maka ma, ka fita da abokin tafiya, ka gaya wa gida hanyar da za ka bi, ka kasance ka fito kwalta kafin la'asar sakaliya. Ka tambayi direbobin tasha halin da ake ciki a makon da za ka tafi, sun fi kowa sanin labarin hanya.

In karonka na farko ne, kada ka ɗauko Tiga gaba ɗaya. A sauke ka a Kadawa da safe, ka kama gefen kanal ka fuskanci ruwa na awa ɗaya da rabi, ka juyo ka bi shi har Kura, ka ci shinkafa da wake ka hau mota. Mu ma muna shirin fita Asabar ta biyu bayan an fara yankan shinkafa, mu uku ne, motar na ɗaukar keke huɗu. In kana so ka yi mini magana ta akwatin saƙo, ka faɗa mini faɗin tayarka.