Waya za ta iya sanar da ni idan farfaɗiya ta kama ƙanena?

Tambaya: Malam, ƙanena mai shekara 19 yana fama da farfaɗiya, kuma kullum yana kasuwa. An ce mini akwai manhajar da idan ciwon ya buge shi za ta turo mini saƙo. Da gaske ne? Daga wata 'yar'uwa a Marwa.

Amsa: Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Irin waɗannan manhajoji suna nan, amma kada ki saki jiki da su. A cikin kusan kowace wayar zamani, har Tecno da Itel da muke riƙewa, akwai 'yar na'ura mai jin motsi. Ita ce ke juya hoto idan kin kwantar da waya. Manhajar takan sa ido a kanta, in ta ji jijjiga mai ƙarfi da ta ɗauki lokaci, sai ta aika saƙo ga lambar da aka ba ta. To sai dai wayar ba ta san bambancin jijjigar ciwo da ta babur a hanyar da babu kwalta ba. Zai hau babur zuwa gida, ke kuma hankalinki ya tashi a banza. Idan kuma wayar na wurin mai caji, ko tana kan tebur, ciwon zai zo ya wuce ba ta sani ba. Ga kuma nau'in farfaɗiyar da ba a faɗuwa, mutum ya ƙura ido kawai na 'yan daƙiƙoƙi. Wannan ba ta jin sa sam.

Wanda ya fi inganci agogon hannu ne, irin Embrace na kamfanin Empatica, wanda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2018. Yana haɗa motsi da canjin da gumi ke kawowa a fata. Shi ma babban ciwo mai jijjiga yake kamawa, yana buƙatar waya a kusa da intanet, ga kuɗin wata-wata. Ga wanda ke lissafin data da sefa ɗari biyar, abin da nauyi.

Akwai binciken da ya burge ni, wanda masana daga jami'ar Leiden ta Holan da Yale ta Amurka suka fitar a 2021. Sun bibiyi lokacin da yatsan mara lafiya ke taɓa allon waya, ba abin da yake rubutawa ba, suka gwada da bayanan na'urar da aka dasa masa a kai. Kwamfuta ta koyi gano rikicewar ƙwaƙwalwa daga salon taɓawar. Amma mutane ƙalilan aka gwada, kuma abin bai zama kayan kasuwa ba. Duk wanda ya ce zai sa miki shi a waya ki biya, ki riƙe kuɗinki.

Abin da wayar ta fi iyawa a yau shi ne ta zama shaida. Likita a Marwa ko Garwa da wuya ya ga ciwon da idonsa, labari ake kai masa, labarin kuma kowa da nasa. Idan ciwon ya zo, mutum ɗaya ya kawar da abin da zai ji masa rauni, ya kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali ko wani abu a baki. Wani kuma ya ɗauki bidiyo, a ga fuska da hannuwa da ƙafafu, har ya farfaɗo. Bidiyon da kansa zai nuna tsawon lokacin. In ciwon ya haura minti 5, a bar ɗauka a nufi asibiti. Kuma bidiyon na likita ne, ba na zauren WhatsApp na dangi ba, kin san yadda mutanenmu ke kallon wannan lalura.

Ki rubuta ranar kowane ciwo a kalandar waya, ki sa masa ƙararrawar shan magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su iya rabuwa da faɗuwa idan suka sami maganin da ya dace.

Tambaya: Ɗana yana da farfaɗiya, an ce kallon waya ke tayar masa da ita. In ƙwace? Daga wani magidanci a Njamena.

Amsa: Alhaji, masu farfaɗiyar da walƙiyar haske ke tayar wa ciwo ba su da yawa, kimanin kashi 3 cikin 100 ne, kuma gwajin ƙwaƙwalwa a asibiti ne zai nuna ko yana cikinsu. Abin da na fi jiye masa shi ne rashin barci, domin yana cikin manyan abubuwan da ke tayar da ciwon. Bar masa wayarsa da rana, da dare ta kwana a ɗakinka.